Shekara Uku Ina Mayar Miki da Langa a Wanke

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi abinSa. Yayata, wadda duk mutanen bakin gada suka sani da Mai Kifi, ta rasu a ɗakin masu ciwon ƙoda na babban asibiti, tana da shekara hamsin da takwas. Daga wurinSa ta zo, wurinSa ta koma, mu ma da muka rage muna kan hanya. An yi mata sutura kafin la'asar. Na tsaya mutane suna zuwa suna kama hannuna suna ba ni haƙuri, wasu har da yaba mini, wai na yi ɗawainiya da ita a jinya. Ina amsawa kaina a sunkuye. Sun ɗauka baƙin ciki ne ya hana ni ɗaga ido, alhali kuwa kunya ce.

Yaya, yau kwananki ashirin da uku a ƙasa. Na yi ta ɗaukar biro ina ajiyewa. Abin da aka saba shi ne a faɗi alherin mamaci a yi masa addu'a, kuma naki alherin ba ya buƙatar ado, zan faɗe shi yadda yake. Amma akwai maganar da ya kamata in gaya miki tun shekara uku da suka wuce, ban gaya miki ba kina da kunnen ji. Zan faɗe ta a nan inda kowa zai karanta, domin na riga na ɓata damar faɗarta a ɗaki.

Ina da shekara shida mahaifiyarmu ta rasu, ke kina da sha bakwai. Babanmu tuƙin babbar mota yake yi, sai ya yi wata guda ba mu sa shi a ido ba. Ke kika zama uwa. Da kasko ɗaya kika fara suyar kifi a bakin gada, ƙarƙashin wata rumfar kwano mai yoyo ta kusurwa biyu, kuma a wannan wurin kika yi shekara arba'in da ɗaya. An rushe gadar an sake wata, an faɗaɗa titi, maƙwabtanki na rumfa sun tashi wasu sun zo, ke kina nan da murhunki. Direbobi har kwatance suke yi da ke, su ce in ka wuce Mai Kifi sai ka yi dama.

Ba ki da sanyin baki, wannan kowa ya shaida. Mai saye ya tsaya yana jujjuya kifi da yatsa, sai ki ce, "Malam, aurensa za ka yi ne? Ɗauki ɗaya ka ba wasu wuri." Amma leburorin da ke sauke siminti a gefen titi sun san in rana ta yi tsaka aiki bai samu ba, akwai gutsure yana jiransu a gefen tire, kuma duk wanda ya fara doguwar godiya za ki ɗaga masa matsami ki kore shi. Ranar da muka dawo daga maƙabarta, wani dattijo da ban taɓa gani ba ya zauna a ƙofar gida yana share hawaye da hularsa. Ya ce lokacin da matarsa ta kwanta jinya wata huɗu, ke kike zuwa ki yi mata wanka ki wanke mata kaya kafin ki hura wuta, kuma kin hana shi gaya wa kowa. Ni da muke ciki ɗaya da ke, ranar na fara ji.

Ƙa'idoji biyu kike da su a sana'a, kuma ban taɓa ganin kin karya ko ɗaya ba. Ba kya sayar da abin da ba ki sa a baki ba, duk kaskon da aka sauke sai kin ɓalli gefe kin ci tukuna. Sannan kifin da ya fi girma ba na kasuwa ba ne. In Gajere, tsohon masuncin nan da ke kawo miki kaya tun yana da baƙin gashi, ya juye kwandonsa, sai ki sa hannu ki zaro tarwaɗar da ta fi kowace ƙiba ki ajiye gefe. Wannan ta gida ce, wato tawa. Tun ina yaro tsoka kike tura mini, ke ki ja kai da hanta gabanki ki ce su kika fi so. Sai da na yi gemu na gane ba so ba ne, bar mini kike yi. Zuwa lokacin bakinki ya saba har kin koma son su da gaske, duk hantar kifin da aka gyara a rumfar nan, a ƙaramin kasko ake soya miki ita daban.

Da hayaƙin wannan murhun na yi makaranta. Ranar da na sami aiki a ɗakin gwaje-gwaje na ofishin kula da ruwa, kin rufe rumfa da rana tsaka, abin da ko ranar da haƙori ya kumbura miki fuska ba ki yi ba. Na yi miki bayani cewa ni ba likita ba ne, aikina a kawo mini ruwa a kwalba in auna in faɗi abin da ke ciki. Kika ce, "To ai likita ke nan. Likitan Ruwa." Sunan ya bi ni har gida, 'ya'yana ma da shi suke kirana in suna jin tsokana. Da na yi aure na koma can ƙarshen gari, sai kika tsiro da zuwa duk Asabar da safe. Mota biyu kike hawa, da langar nan mai shuɗin murfi ɗaure a tsohon ɗankwali, a ciki babbar tarwaɗa soyayyiya. Ki zauna a kujerar bakin ƙofa, ki sha ruwa, ki duba kunnen yara ko an wanke, ki yi wa matata faɗan ta rame, ki karɓi ɗaya langar da kika bari makon jiya ki tafi.

Ga yadda abin ya faro. Shekara uku da suka wuce, cikin damina, shugaban sashenmu ya ce za a auna kifin kogi a ga ko dattin da masana'antu ke zubarwa yana shiga jikinsa. A saman gada akwai wurin jimar fata, akwai masu fenti, akwai masu narka tsofaffin batura, kuma duk magudanarsu kogi take faɗawa. Aka raba mana wurare, ni aka ba ni ƙasan gada. Ya kamata in sa takalmin roba in gangara bakin ruwa in sayo da kaina. To ana ruwa, gangaren duk taɓo ne, ni kuwa na saba da fanka da farar riga. A Asabar ɗin wannan makon kin haɗo mana da ɗanyen kifi biyu a leda, kika ce a yi wa yara miya. Na dube su na ce ai waɗannan ma daga ƙasan gada Gajere ya kamo su. Ranar Litinin na kai su ofis, na manna musu lamba sha huɗu, na rubuta a littafi cewa ni na ɗebo su a bakin kogi. Ƙyuya ce ta sa kyautarki ta shiga na'ura.

Da sakamako ya fito na ɗauka na'urar ce ta lalace. Na wanke komai na sake, na kuma sakewa. Dalma da wani ƙarfe da muke kira kadmiyam sun cika hantar, zaiba kuma tana cikin tsokar, dukkansu sun haura abin da aka yarda mutum ya ci nesa ba kusa ba. A wannan karon na sa takalmin roba na gangara, na sayo manya da ƙanana daga masunta uku. Ƙananan ma ba su tsira ba, amma manyan sun fi muni, domin kifi yana tara waɗannan abubuwa ne a jikinsa a hankali, duk daɗewarsa a ruwa da yawan ƙananan da ya haɗiye, haka gubar ke ƙaruwa. Na zauna ina kallon takardar, na ga ƙa'idojinki biyu a kwance a kanta. Duk kasko sai kin ɗanɗana, mafi girma kuma kike zaɓa wa wanda kike so, hanta ki ajiye wa kanki.

Na san sauran bayanin, don shi na karanta. Waɗannan ƙarafa ba su da wari, ba su da ɗanɗano, ba sa canza launin kifi. Wanki ba ya fitar da su, gishiri da yaji ba sa kashe su, man da ke tafasa a kasko bai dame su ba. Ba sa kayar da mutum ranar da ya ci, zama suke yi a ƙoda da ƙashi da jijiya, su yi ta ɓarna shiru shekara da shekaru. Sun fi tsananta wa ƙananan yara da ɗan da ke ciki, wanda ƙwaƙwalwarsa ke kan haɗuwa. Duk wannan da an tashe ni daga barci zan iya karanto shi ba tuntuɓe.

Shugabanmu ya duba takardar ya ce sakamakon farko ne, sai an tura wani ɗakin gwajin ya tabbatar, kada kowa ya fita da magana ya tayar wa gari hankali. Rahoton ya shiga durowa, kuma har yau yana ciki. Ba zan jingina masa laifina ba. Ya hana ni magana da gari, bai hana ni magana da yayata ba. Ranar da na koma gida, tun kafin in cire takalmi na ce wa matata daga yau yara sun daina cin kifin kogi. Da na gama mata bayani ta ce, "To Yaya fa? Ita da jikokinta ba mutane ba ne?" Na ce zan gaya miki ranar Asabar.

Asabar ta zo, kika shigo da fara'arki, kika kwance ɗankwali ƙamshi ya cika ɗaki, kika ce wannan sai da kuka yi rigima da wani mai otal kafin ya bar miki ita. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah Ya saka da alheri, Yaya." Na ce a raina bari sai mako mai zuwa, in na shirya yadda zan faɗa. Mako mai zuwan nan shi ne ya yi shekara uku.

Na daɗe ina ba kaina dalilai masu kyan gani. Na ce ta yaya zan kalli matar da ta raine ni da kifi in ce mata kifinta guba ne. Na ce ba a tabbatar ba tukuna. Na ce shekara nawa kina ci ba abin da ya same ki. Amma yanzu da ba ki nan, babu wanda zan yi wa kwalliya. Tsoro nake ji. Ina tsoron bakinki, ina tsoron ki tafi bakin gada ki faɗa da ƙarfi, don na san ba za ki iya sayar wa mutane abin da kika san yana cutarwa ba, magana ta zagayo ofis a tambayi wanda ya fitar. Ina kuma tsoron ki rufe rumfa ki dube ni ki ce to yanzu me za mu yi, nauyin gidanki ya dawo kaina. Ke da kika ɗauki nawa kina da shekara sha bakwai ba ki tambayi kowa ba.

Sai muka shiga wani irin zama. Ki kawo, in karɓa da hannu biyu. Kina fita in juye kifin a baƙar leda in cusa a ƙasan firji, ranar Litinin in tafi da shi in jefa a kwandon sharar ofis, don kada maƙwabta su gani a namu. Matata ta wanke langa ta kife. Sau da yawa tana wankewa tana kuka, sau biyu ta rantse za ta gaya miki da kanta, na ce in ta yi ta shiga tsakanina da 'yar uwata. Yara kuma na koya musu in kin tambaya su ce ya yi daɗi. Ni na koya wa 'ya'yana yi miki ƙarya, kina shafa kansu.

Ina gani da idona jikinki ya fara ba da labari. Kika fara cewa yatsunki suna yi miki kamar ba naki ba. Mai ya fantsamo miki a hannu ya tashi ƙurji ba ki ji ba, sai da 'yarki ta fari, wadda kike kira Hannun Dama don ita ke tsaye kusa da ke a rumfa, ta nuna miki. Matsami ya riƙa suɓuce miki. Ke da kike riƙe sunan jikan kowane mai saye a ka, kika fara tsayawa tsakiyar magana kina neman kalma. Daga baya ƙafafu suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Ni kuwa na zama ƙane na gari. Na sayo miki magungunan ƙarin jini, na sayo na'urar awon hawan jini, na ɗauke ki a mota zuwa asibiti. Likita ya tambaya ko kina aiki da wani sinadari, ko akwai abin da kike yawan ci. Kika yi dariya kika ce ke ban da kifi ba ki san komai ba. Ya juyo ya dube ni, ni kuma na dubi taga.

Sai da ƙoda ta gaza aka fara yi miki wankin ƙoda sannan wata likita ta sa aka auna jininki, aka ga abin da na san za a gani. Ta kira ni gefe ta gaya mini, don ni ne mai ilimin gidan. Mace ce mai gaskiya, ta ce ba za ta iya rantsewa cewa wannan kaɗai ne ya kashe ƙodar ba, akwai hawan jini, akwai shekaru, amma abin da ke jinin bai zo da wasa ba, kuma ya kamata a binciki inda yake fitowa. Na gyaɗa kai kamar yau na fara ji. Na sha riƙe maganarta ta farko in ce wataƙila ba shi ba ne. Ban sani ba ko da na yi magana da wuri da kin ƙara shekara goma, ko biyu, ko ba ko ɗaya, ajali na Allah ne. Abin da na sani shi ne na cire nawa 'ya'yan a rana ɗaya, ke na bar ki shekara uku kina ci.

Kwana huɗu kafin ki rasu, da hantsi, bayan an dawo da ke daga wanki, kin ɗan sami ƙarfi. Hannun Dama ta fita sayo ruwa, ya rage daga ni sai ke. Kika ce, "Likitan Ruwa, matso." Na jawo kujera.

Kika ce, "Ka tuna wata Lahadi da na zo muku da sassafe, shekara biyu ke nan, har ka ce lafiya?"

Na ce na tuna.

"Ranar Asabar ɗin na manta ban sa gishiri ba, ko ƙwaya. Na ɗanɗana ban gane ba, harshen nan ya fara cin amanata. Sai da masu saye suka yi ta dawo mini da shi. Na kwana da takaici, na ce na kai wa yaron nan lami. Na hau mota na zo ba ka haƙuri. Kafin in buɗe baki ka ce, Yaya, kifin jiya ya fi na kullum, gishiri ya ji daidai." Kika yi murmushi. "Ranar na san ba ka ci."

Na rasa inda zan sa fuskata. Da ƙyar na ce, to me ya sa kika ci gaba da kawowa.

Kika ce, "In na daina, da wane dalili zan riƙa hawa mota biyu in zo in gan ka?" Sannan kika dafa hannuna da yatsun nan da ba sa ji. "Ba laifinka ba ne. Mutum in ya zauna cikin masu fararen kaya, ƙarni yakan dame shi. Ban riƙe ka ba."

Yaya, shekara biyu kina ɗauke da wannan, kina zaton ƙyanƙyaminki nake yi, kina zuwa da fara'a. Ga ƙofa kin buɗe mini da kanki, abin da ya rage in ce ba haka ba ne, ga gaskiyar magana. Na dubi robar da ke hannunki da kumburin fuskarki, na ce a raina yanzu kuma ai ya zama zalunci, bari ta tafi da kwanciyar hankali. Ko a nan kaina na tausaya wa, na sa wa tausayin sunanki. Na gwammace ki tafi kina zaton na raina ki, da ki tafi kin san abin da na yi.

Kika ce, "Abu ɗaya nake roƙo. Yarinyar nan za ta riƙe rumfa, kuma na san halinta, za ta kawo maka. Ka daure ka ci ko loma ɗaya a gabanta. Kada ta ji abin da na ji."

Na ce, "To, Yaya."

Ranar Asabar da ta wuce, da safe, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Hannun Dama ce, da cikinta wata bakwai, da langa mai shuɗin murfi ɗaure a ɗankwalinki. Ta zauna a kujerarki ta bakin ƙofa. Ba ta miƙa wa matata ba kamar yadda kike yi, da kanta ta kwance ta buɗe ta ajiye a gabana. Ta ce, "Kawu, suyata ta farko ke nan ni kaɗai. Ka ci ka gaya mini ko hannuna ya kama hanyar na Umma." Ta ɗan yi dariya, idonta da ƙwalla. "Hantar kam na cinye a rumfa, an ce tana ƙara wa mai ciki jini."

Matata tana tsaye a ƙofar kicin tana kallona. Na sa hannu na ɓalli tsoka. Ni mai awo ne, na san loma ɗaya ba abin da za ta yi wa mutum mai shekaruna. Da na kai ta baki na cika miki alkawari, yarinya ta tafi da farin ciki, Asabar mai zuwa ta dawo. Na riƙe lomar nan ina kallon cikin da ke gabana, har man ya gangaro mini a yatsa. Na mayar da ita cikin langa. Na shiga ɗaki na ɗauko kwafin takardar da na ɓoye a ƙarƙashin kaya shekara uku, na zauna a ƙasa gabanta, na gaya mata komai, tun daga lamba sha huɗu.

Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Tun yaushe ka sani, Kawu?"

Na ce shekara uku.

"Naka 'ya'yan sun ci a cikin shekara ukun?"

Na ce a'a.

Ta daɗe tana kallon langar. Ta ce, "Nawa kuwa da shi aka yaye su." Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta dafa bango ta miƙe, ta ɗauki langar da kifin a ciki ta fita, ta bar murfin a kan tebur. Matata ce ta bi ta da gudu ta raka ta tasha, kuma ita ta kai ta asibiti ranar Litinin da yaranta biyu aka ɗebi jininsu. Hannun Dama ta ce kada in biyo su. Muna jiran sakamako, kuma ban taɓa jin tsoron takardar gwaji irin na wannan karon ba.

Yau kwana biyar ba a hura wuta a rumfarki ba, abin da in ban da lokacin jinyarki da makokinki bai taɓa faruwa ba tun ina yaro. Jiya Gajere ya zo har ofis da saƙon Hannun Dama. Ta ce ranar Asabar, wato jibi, in zo bakin gada da takardar, in karanta wa masunta da masu suya da bakina, ita ba za ta ɗaukar mini wannan ba. Tsohon ya tsaya yana juya hula a hannu, ya ce shi ma jikokinsa abin da suke ci ke nan, in gaya masa gaskiya. Na gaya masa. Na kuma shiga na sanar da shugabanmu cewa za ni, ya ce in yi tunanin aikina. Na ce masa shekara uku ina wannan tunanin. Ban san me zan ce musu ba in sun tambaye ni abin da za su ci, ban da cewa akwai kifin kiwo, akwai na can saman kogi inda magudanar ba ta kai ba, kuma duk inda za a je a yi magana da masu zubar da dattin nan, ni zan shiga gaba da takardata.

Ga wanda ya karanta wannan, ba cewa nake kifi abin gudu ba ne, abinci ne mai kyau, da shi aka raine ni. Amma ka tambayi ruwan da ya fito. In kogin yana karɓar dattin masana'anta, kyan ido da daɗin baki ba shaida ba ne, kuma babban da kake zaɓa wa wanda kake so ya fi ƙaramin haɗari. A nisanta shi da yara da masu ciki, a bar cin hanta da kayan cikinsa. Wanda ya daɗe yana ci ya je a duba jininsa da ƙodarsa tun jiki bai fara magana ba. In kuma kai ne ka sani, ka faɗa yau.

Yaya, ban ci lomar ba. Alkawari ɗaya kika nema a wurina duk tsawon rayuwarki, shi ma na karya, amma wannan karon ba don kaina ba. Ban taɓa ƙyanƙyaminki ba. Ƙarnin da ke jikin zanenki shi ne ƙamshin da na sani na uwa.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo maKa da hannuwa masu tabon mai. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Duk cikin da ta ciyar da niyyar alheri Ka sa a mizaninta, abin da ba ta sani ba kada Ka tambaye ta, mu da muka sani ne abin tambaya. Ciwon da ta sha Ka sa ya zama kankarar zunubi, Ka haɗa ta da mahaifanmu a Aljanna. Ka ba jikokinta lafiya, Ka sauki 'yarta lafiya, Ka kare abin da ke cikinta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hannun Dama da ƙannenta, ko da ba su shirya karɓa daga gare ni ba, da jikokinta, da Gajere, da maƙwabtanta na rumfa, da duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban tirenta ta yi masa tsiya ta ƙara masa gutsure. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta.

Murfin langar yana nan a kan firji, na wanke shi da hannuna. Jibi zan tafi da shi bakin gada, in ta karɓa to, in ba ta karɓa ba in dawo da shi in sake komawa wata Asabar, mota biyu ce kawai. Wanda addu'a ta rage a bakinsa bayan ya yi wa Yaya, ya roƙa mini Allah Ya sa ranar da za mu haɗu, bayan ta ji komai, ta yarda ta sake ce mini matso.